Jan da Na Gani a Tukunyar Safarjal

Tun da aka shigo da fur ɗin nan mai aiki da lantarki gidanmu na unguwar PK8, ni dai na daina gane inda girki ya dosa. Akwati ne fari mai ƙofar gilashi. A zura abinci, a murɗa wani abu, kowa ya kama gabansa, can sai a ji ya kaɗa ƙararrawa wai ya gama. Ba hayaƙi, ba fifita, ba mai zama kusa da shi. A zamaninmu kunne ne yake gaya miki tukunya ta kusa tsotsewa, hanci ya gaya miki ta fara kamu. Kunnena yana nan har yanzu, hancin ma lafiyarsa ƙalau, amma mutanen gidan sun fara kallona kallon wadda ba za a bar wa ashana ba. Abin da ya fi damuna shi ne, wasu ranakun ni kaina ban san ko su ne da gaskiya ba.

Ba zan ɓoye ba, na ba su dalili. Akwai ranar da na ɗora ruwan kunu a ɗan gaz ɗin da ke ɗakina, na fita tsakar gida ɗauko wani abu, na zauna ina tsince wake, har gindin tukunya ya yi baƙi ƙirin. Akwai kuma ranar da na fito daga gidan suna na shiga taksi, direba ya tambaye ni ina za ni, na ce unguwar Awendjé. Sai da ya sauke ni na tsaya a bakin titi ina neman ƙofar gidan da muka tashi daga cikinsa tun ɗana bai yi aure ba. An rushe shi ma, wani shagon taya ne a wurin. Bayan wannan ne ɗan nawa, wanda nake zaune a gidansa, ya shigo ɗakina ya tsuguna ya gaishe ni, ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya ce, "Inna, gaz ɗin nan da an fitar da shi. Duk abin da kike so ai sai a dafa miki." Na ce masa ya tashi ya ba ni wuri. A kan gaz ɗin nan nake dama kununa yadda nake so, ba mai tsinkewa irin na matarsa ba, a kansa nake dafa wa baƙina shayi ba tare da na roƙi kowa ba. In aka ɗauke shi na zama baƙuwa mai jiran a miƙo mata kwano. Bai sake tayar da maganar ba, amma na san bai bar ta ba.

Ana cikin haka jikata, babbar 'yarsa da ke karatun aikin jinya, ta dawo daga cikin gari da wasu 'ya'yan itace a leda. Tun kafin ta buɗe ƙanshin ya riga ta shigowa, nan take na gane shi. Manya ne, rawaya, masu ƙulu-ƙulu, da ɗan gashi-gashi a jikin ɓawon. Ta ce sunansa kuwan, haka ake kiransa da Faransanci. Na ce ni safarjal na san shi, kuma na san shi tun ubanta ba a haife shi ba. Ta yi dariya ta ce, "Tsohuwa mai ran ƙarfe, yau za ki ci girkin zamani." Ta jingina wayarta tana kallon wata mata tana koyarwa, ta yanka, ta zuba zuma da wata gyadar Turawa mai lanƙwashe-lanƙwashe, ta zura a fur. Kafin in gama ninke wankina ƙararrawa ta kaɗa. Aka kawo mini a faranti, ɗana da matarsa suna zaune.

Na duba na ce, "Wannan ai bai nuna ba."

Ta ce, "Ya nuna mana, Kaka. Sa cokali ki ji laushi."

Na ce, "Laushi daban, nuna daban. Safarjal in ya nuna ja yake zama, ja wur."

Ta ce ta ga masu ja a waya, amma tana jin kala ake zuba musu, ko zoɓo. Abu rawaya ta yaya zai koma ja don kansa? Na ce da idona na gani. Ba wanda ya musa mini. Ɗana dai ya ɗaga kai ya kalli matarsa, ita kuma ta sunkuyar da nata. Wannan kallon ya fi mini zafi a kan a ce mini maƙaryaciya.

Ina yarinya aka kawo ni garin nan. Jirgin ruwa ne ya sauke mu a tashar Port Môle, na fito ina tangaɗi saboda aman da na sha a hanya, 'yan dako suna ta yi mini wani yare, ni kuwa na riƙe bakin rigar maigidana na manta da kunya. Gidan da muka sauka a Awendjé jerin ɗakunan katako ne masu rufin kwano, famfo ɗaya a tsakiya. Mutanen Garwa ne a ciki da na Maraɗi da mu Kanawa, kowa da irin Hausarsa, muna yi wa juna dariya. In ruwa ya sauko a kan kwanon nan ko sallama ba a ji, kuma ruwan garin nan bai san gajiya ba. Da asuba ladan yana hawa kan wata ganga ya kira salla da bakinsa, babu lasifika, in ya gama ƙararrawar coci ta karɓa, can daga nesa jirgi ya yi ƙugi. Daga bayan katanga matan 'yan ƙasa suna kirɓa ganyen rogo, sautin turminsu ba irin namu ba ne, a jiƙe yake fita. Gishiri ya narke a gwangwani, daddawar da aka ƙullo mini daga gida ta yi fumfuna, zani ya kwana biyu a igiya bai bushe ba. Aikinmu kullum shanya da kwashewa, da ɗaga buhun shinkafa kan bulo, da sa ƙafafun kabad a gwangwanin ruwa saboda tururuwa. Yanzu gidan da nake ciki na siminti ne, da silin, ruwa ya yi ta zuba ba ki sani ba sai kin leƙa taga. Wai an huta. Ni kuwa barcina ya fi daɗi a ƙarƙashin wancan kwanon.

A ɗakin ƙarshe akwai wata tsohuwa da kowa yake kira Hajiya 'yar Makka, uwar wani mai sayar da yadi. Tana ƙarama iyayenta suka tafi da ita aikin hajji a ƙasa, suka zauna can shekaru, ta yi aikatau a gidan wasu mutanen Sham kafin ta dawo. Gajera ce, baki gare ta kamar reza, da zoben azurfa a yatsarta wanda ya nutse cikin nama. Ni ta fi sa wa ido. In na zubar da ruwa ta ce, "Ke yarinya, hannunki ya fi hankalinki sauri." In na rura wuta ta ce me zan ƙona, gidan ko tuwon? Sau ɗaya a shekara, in ruwa ya kankama, jirgi yakan kawo safarjal kantin wani Kwara, wato Balaraben Sham, kusa da bakin ruwa, ita kuwa duk yadda za a yi sai ta samu. Shekarar farko ni ta aika, tare da matar wani Bagarwe, mutumin Garwa, da ta iya hanya. A dawowa ƙanshin ya hana ni sakat, na ɗauka wata irin gwaba ce ta masu kuɗi, na faki ido na gantsara. Haƙorina ya kusa zama a ciki, bakina ya ɗaure tamau da bauri. Na shigo gida a fusace na ce, "Hajiya, Kwaran nan ya cuce mu, ɗanye ya ba mu, a mayar masa." Ta karɓa ta ga shatin haƙorina, ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Ta ce, "Ɓarauniya ta kama kanta. Wannan ba a cinsa haka, sai an zauna da shi." A shekarar ban ga yadda ta dafa ba, fushi na yi na shige ɗaki.

Shekara ta zagayo na haihu, namiji, bai kai suna ba ya koma. Uwata tana can inda wasiƙa take wata kafin ta isa. Matan gidan sun yi mini duk abin da ake yi, sun dafa ruwan wanka, sun dama kunun kanwa, ni kuwa sai in karɓa in ajiye. Aka yi arba'in ina nan kwance na juya wa ƙofa baya. Ba na kuka, ba na magana, maigidana ya rasa yadda zai yi da ni, sai ya tsaya a bakin ƙofa ya yi gyaran murya ya tafi kasuwa. Wata safiya da hantsi Hajiya 'yar Makka ta ɗaga labulen, ba ta yi mini ta'aziyya ba, don ta riga ta yi. Cewa ta yi, "Tashi. Idona ba ya gani sosai yau, gawayi nake so ki duba mini." Ƙarya take yi, allura take zura wa zare ba tabarau. Amma ba a ce wa tsohuwa a'a, na ja jiki na fito.

A ƙarƙashin rumfar ɗakinta ta ajiye kurfoti da wata tukunyar ƙarfe mai nauyi. Ta fere safarjal, ta raba kowanne biyu da ƙyar don taurinsa kamar ice, ta ƙwaƙule tsakiyar. Ɓawon da ƙwallayen ba ta zubar ba, su ta shimfiɗa a gindin tukunya, ta jera 'ya'yan a kai, ta zuba ruwa kofi guda da kanumfari kaɗan. Ta kifa murfin a juye ta zuba garwashi a kansa, wuta sama wuta ƙasa. Ta kama hannuna ta riƙe shi a saman garwashin ta ce in yi salati. Ta ce in na iya salati uku ban janye ba, wutar ta yi daidai. In na janye a na biyu in rage, in na kai biyar in ƙara. Aikina ke nan tun hantsi. Ruwa yana zuba daga bakin kwano, ina zaune a kan kujera 'yar tsugune ina miƙa hannu ina salati, ita tana gefe tana soya gyada tana murje ɓawon. Da aka yi azahar ta ɗaga murfin sau ɗaya ta tsiyaya zuma, ta mutanen Ngaundare da suke kawowa a kwalba. Na leƙa na ga abin yana nan fari-fari, na ce a raina tsohuwar nan ɓata mini rana kawai take yi. Sai la'asar sakaliya ta ce in kwashe garwashin in buɗe da kaina. Da tururin ya washe na ga ja, ja irin na lallen da ya kwana a tafin hannu, yana sheƙi. Na ce, "Hajiya, me kika zuba?" Ta ce, "Me kika ga na zuba? Ai ke ce a zaune." Ta barbaɗa dakakkiyar gyada ta miƙo mini. Na ci ɗaya, na ci biyu, a na uku kuka ya zo mini, irin wanda ban yi ba ranar da aka fita da yaron. Ta bar ni na yi har na gaji. Daga ranar na koma cin abinci.

Sau biyu ko uku muka sake dafawa tare kafin Allah ya karɓi abarsa. Ko sau biyu ne? Ni kaɗai dai ban taɓa yi ba. 'Ya'ya suka zo, gaz ya zo, wa yake da yini guda na zama a gaban tukunya ɗaya?

To, wannan jan ne jikata take ce mini kala ce. Na koma ɗaki na kasa zaune na kasa tsaye. Sai na fara tuno wata ƙwarya a kan kantar Hajiya, kamar da zoɓo a ciki. Ko a ɗakin matar Bagarwen na ga ƙwaryar? Ko lokacin da na miƙe na je alwala ta jefa wani abu ban gani ba? Na lissafa waɗanda zan tambaya, duk sun kwanta dama. Tsoro ya kama ni sosai. Mantuwar tukunya a kan wuta wannan tsufa ne, kowa yana yi. Amma in ranar da na fi riƙewa a duk rayuwata ita ma kaina ne ya rina ta, to ban san me ya rage da zan ce na sani ba, kuma ɗana yana da gaskiya da zai raba ni da wuta.

Da safe na aika aka kira shi. Na ce ranar Lahadi da ba ya fita shago a nemo mini safarjal da gawayi da kurfoti da zumar Ngaundare. In bai yi ja ba, ya ɗauki gaz ɗinsa, ba zan ce komai ba. Ya ce, "Inna, abin ai bai kai haka ba." Na ce ya kai. Jikata ta ce bari ta ƙara bincikawa a waya a huta. Na ce ban kira waya shaida ba.

Ranar Lahadi aka kawo komai. Kwalbar zumar sabuwa ce, an ɗaure bakinta da leda da roba, na kai ta ɗakina na tsayar a farantin ruwa saboda tururuwa. Jikata ta taya ni yanka, don hannuna ba zai iya taurin nan ba yanzu, tana yi tana tsiya wai za a yi yini guda a kan abin da fur yake gamawa kafin a sha shayi. Na shimfiɗa ɓawo da ƙwallaye, na jera, na zuba ruwa da kanumfari a gabanta don ta zama shaida, na kifa murfi na zuba garwashi. Na kore su duka na zauna a bakin baranda. Na miƙa hannu, salati uku, daidai. Hadari ya haɗo, ruwa ya sauko, ƙanshin ya fara tashi, sai ga ni a Awendjé. Ina jin motocin PK8 suna ta oda a kan titi, kuma ina jin turmin ganyen rogo a bayan katanga, ban san wanne ne na yau ba. Aka kira azahar na je na yi salla na dawo mazaunina. Na ga murfi ya ɗagu, na ga zuma tana tsiyaya a hankali, hankalina ya kwanta. Na ci gaba da salati ina ƙara gawayi ɗaya-ɗaya.

La'asar sakaliya na ce a kira su. Suka tsaya a kaina, ɗana da matarsa da jikata. Na kwashe garwashin, na yi bisimilla na ɗaga murfin. Ban iya dubawa ba, fuskar jikata na kalla. Ta sunkuya cikin tururin ta daɗe, sannan ta ce a hankali, "Baba, zo ka gani." Na duba. Ja ne, ja wur, yadda na bar shi. Na ji wani sanyi ya sauka mini tun daga wuya har ƙafa. Na ce, "To, 'yar boko, ina kalar? Ina zoɓon?" Ta ce ta tuba, ta bi Allah ta bi ni. Na barbaɗa gyada na zuba wa kowa, nawa kuma na rufe shi a kwano, don ban saba ci a gaban ɗana ba. Ya ci guda, ya haɗiye, ya ce, "Wallahi ja ne, Inna." Ya cinye ya miƙo farantin na ƙara masa. Matarsa ta ce Allah ya ƙara lafiya. Rabon da in ji daɗi irin na wannan yammacin har na manta.

Na ɗauki kwanona na shiga ɗaki kafin magariba. Ina ajiyewa idona ya sauka a kan farantin ruwa. Kwalbar zumar tana tsaye a ciki, cike, da ledarta da robarta yadda aka kawo ta.

Na zauna a bakin gado. Na ce to wace zumar na ga tana tsiyaya? Na rufe ido na sake duba hannun da ya ɗaga murfin da azahar, sai na ga zoben azurfa a yatsarsa. Ni ban taɓa sa zobe ba. Na buɗe kwanon na gutsiri safarjal ɗin na sa a baka. Tsami ne zalla, da sauran bauri a ƙarshen harshe. Shi kuwa ɗan nawa ya cinye biyu yana kallona.

Na leƙa na yafito jikata. Ta shigo, ta ga kwalbar a hannuna, ta kasa haɗa ido da ni.

Na ce, "Kun ji babu zuma?"

Ta ce, "Mun ji, Kaka. Baba ne ya taka mini ƙafa."

Na ce ta kira mini shi. Ya zo ya tsuguna a inda ya saba. Na ce, "Jan dai ka gani da idonka, ba ƙarya na yi ba."

Ya ce, "Na gani, Inna."

Na ce, "Gobe ka fitar da gaz ɗin. Kurfotin ku bar mini shi a baranda, inda mai wucewa zai gan ni."

Bai ɗago kai ba. Ya daɗe yana murza bakin tabarma da yatsa kafin ya ce to. Washegari da safe da kansa ya zo ya kwance gaz ɗin ya ɗauka, bai aiko kowa ba.